Injiniya Ya Ƙera Tsautsayi

Injiniya bai taɓa shiga makarantar injiniyoyi ba, ko da fakewar ruwan sama. Sunan ya same shi ne ranar da ya kwance fankar ɗakinsu, ya mayar da ita, kusoshi huɗu suka yi saura a hannunsa, ya ce kamfanin ne ya yi almubazzaranci. Mutanen layi suka liƙa masa sunan, shi kuwa ya karɓe hannu bibbiyu, don mai son yabo ba ya bambance kirari da habaici.

Matarsa Malama tana koyarwa a sakandare. Ranar Litinin da safe ta shirya tafiya kwas, sai Juma'a za ta dawo. Ta so tafiya da laftof ɗinta, jaka ta ƙi rufuwa, ta mayar da ita kan tebur ta lulluɓe da tawul.

"Baban yara, tambayoyin jarrabawar ajina duk suna cikin nan, ban gama su ba tukuna. Litinin mai zuwa zan miƙa. Kada ka taɓa ta."

"Ni me zan yi da ita?"

"Abin da ka yi wa fanka."

Ko ƙurar motarta ba ta kwanta ba, Injiniya ya buɗe durowa yana neman batir, ya ci karo da wata takarda mai tambari. Ƙarin garanti ne Malama ta saya wa laftof ɗin shekara biyu da suka wuce, kuma ranar Juma'ar nan zai ƙare. Ya karanta layi uku, idonsa ya yi ƙyalli, ya sauka daga hawa na uku yana tsallake matakala bibbiyu, ya faɗa shagon aski da ke ƙasan benen.

Mai aski yana wasa almakashi. Baba Tela, wanda shagonsa ke jikin na aski, yana zaune a benci yana kwance wani ɗinki.

"Ku taya ni murna," in ji Injiniya. "Kafin Malama ta dawo za ta tarar da sabuwar laftof fil a kwali, kuma ko sisi ba zan kashe ba."

"Gado aka raba?" in ji Mai aski.

"Ƙwaƙwalwa aka raba, aka ba ni kaso biyu. Takardar nan ta ce in na'urar ta lalace za su ba da sabuwa. To ni zan lalata ta."

Baba Tela ya miƙo hannu ya karɓi takardar, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya bi ta da yatsa har ƙasa. Shi mutum ne da ko ƙyallen da ya rage a ɗinki sai ya mayar wa mai kaya.

"Ka tsaya a layi na uku, ɗan nan, maganar kuwa tana na tara. An ce in tsautsayi ne, kamar ta faɗi ko ruwa ya zube mata, za a sauya. In ganganci ne, babu."

"To sai me? Sai a yi tsautsayin."

"Tsautsayi ba a yin sa. Shi yake yin mutum."

"Wannan zancen mutanen da ne, Baba Tela. Yanzu komai ƙera shi ake yi."

"Tambayoyin Malama da ke ciki fa?"

"Su juye mata a sabuwar mana. Kamar sauya wa ruwa tulu ne."

"In tulun ya fashe, da me za ka kwashi ruwan?"

Injiniya ya yi kamar bai ji ba. Ya ce abin da yake buƙata kawai shaidu biyu ne. Mai aski ya ce shi a shirye yake, in dai za a bar shi ya kalla daga farko. Baba Tela ya ce shi abin da idonsa ya gani zai faɗa, ba ƙari ba ragi, in ya ga ganganci zai kira shi ganganci ko a gaban wa.

"Ba za ka gane ba ma," in ji Injiniya. "Aikin gwani ne."

Ranar Talata ya sauko da laftof ɗin a hammata, da ƙaton kofin shayi yana tururi, da wani ƙulli a aljihu. Ya buɗe na'urar a kan ɗan teburin shagon aski, ya ari tef ɗin awon Baba Tela ya auna tazarar kofi da gwiwar hannunsa. Wani maƙwabci, Direba, yana kan kujera ana yi masa aski, fuska a sama, ido a rufe.

"Ku duba hikima," in ji Injiniya, yana kwance ƙullin. "Garin barkono ne. Zan shaƙa, atishawa ta zo, hannu ya bugi kofi. Akwai mai yin atishawa da gangan?"

"Akwai mai shaƙar barkono da gangan," in ji Baba Tela.

Ya shaƙa da hanci biyu, don bai iya yin abu kaɗan ba. Atishawar da ta zo ba gaba ta kai shi ba, baya ta yi da shi. Gwiwar ƙafarsa ta daki teburin daga ƙasa, kofin ya yi tsalle ya juyo, shayin kaf ya sauka a cinyarsa. Ya miƙe yana rawar da ba kiɗa. Mai aski ya razana, injin askin ya zarce daga ƙeyar Direba har goshi, ya buɗe masa titi ɗoɗar a tsakiyar kai.

Direba ya buɗe ido ya dubi madubi, ya daɗe yana duba.

"Wa ya ba da kwangilar hanyar nan?"

Mai aski ya nuna Injiniya da almakashi. Injiniya yana ta fifita wando yana atishawa ta goma sha ɗaya. Laftof kuwa ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Mai hankali da nan ya tsaya, ya shafa man ƙuna, ya mayar da kayan mutane inda ya ɗauko. Injiniya ya ce gwaji ne, kuma an samu darasi.

Ranar Laraba ya fito baranda yana tafiya ƙafa a warwatse kamar ɗan kaciya. Ya ɗora laftof ɗin a kan ƙarfen barandar hawa na uku, rabi a ciki rabi a waje, ya leƙo ƙasa ya kira shaidunsa.

"Yau ko taɓa ta ba zan yi ba. Iska ce za ta ture ta. Baba Tela, iska ma ganganci ce?"

"Wa ya kai ta bakin ƙarfen?"

"Shan iska ta fito."

Iska ta ƙi zuwa. Aka yi awa ɗaya, aka yi biyu. Matan benen suka fito da kujeru, masu shanya suka fasa shanya. Wata tantabara ta sauka a kan laftof ɗin, ta zagaya, ta yi abin da tantabaru ke yi, ta tashi, na'ura ba ta motsa ba. Injiniya ya shiga ɗaki ya ɗauko faranti yana yi mata fifita. Wata maƙwabciya ta ce in ya gama ya zo ya yi wa jaririnta. Da rana ta take, ya ɗauko tsintsiya ya ce share baranda zai yi, ya yi ta shara yana matsowa, yana shara yana matsowa, har gindin tsintsiyar ya ɗan gaisa da ita.

Laftof ta tafi. Layin gaba ɗaya ya bi ta da ido.

A daidai lokacin wata motar ɗaukar kaya ta shigo layin, an lafta mata katifu har sama. Laftof ta sauka a kan ta ƙarshe, ta yi ɗan tsalle, ta kwanta abinta kamar amarya. Mota ta wuce.

"Tsautsayin ya tafi da kayan Malama," in ji Mai aski.

Sai a lokacin Injiniya ya tuna cewa ba a ba da sabuwa sai an kai gawar tsohuwa. Ya sauko benen da ƙonanniyar cinya, ya bi motar a guje yana kiran a tsaya. Takalmi ɗaya ya tsinke a kwanar farko, ɗayan ya bi shi a ta biyu. Ya cim ma motar a wajen danja, ya kama igiya ya hau, yana rarrafe a kan katifu. Yaran motar suka waiwayo suka ga ƙato ba takalmi yana rungume da laftof a saman kayansu. Ba su tambayi sunansa ba. Sai da aka aika aka kira Baba Tela ya zo ya ce mutumin ba ɓarawo ba ne, wauta ce kawai, sannan suka sake masa wuyan riga.

Suka dawo layi da la'asar. Mai aski ya karɓi laftof ya danna, ta kawo haske ta yi ɗan kiɗanta na gaisuwa.

"Yallaɓai, na'urar nan ta fi ka lafiya."

"Gobe za ta san da wa take yi."

"Ɗan nan," in ji Baba Tela, "kamfanin nan alkawari suka yi wa mai tsautsayi. Kai kuma so kake ka sa rigar mai tsautsayi ka karɓi rabonsa. In wani ya kawo mini riga ya yaga da hannunsa ya ce ɗinkina ne ya saki, me sunansa?"

"Kamfani ba mutum ba ne."

"To aljanu ne ke aiki a ciki?"

Ranar Alhamis da hantsi Direba ya fito zai tayar da mota, ya ja hula har kunne saboda titin da ke kansa. Injiniya ya lallaɓa ya ajiye laftof a bayan tayar baya, ya koma gefe ya gyara tsayuwa.

"Maƙwabci, bari in duba maka baya. Taho. Taho kai tsaye."

"Yaushe ka fara son alheri?"

"Taho dai. Kada ka karya kan mota."

Direba ya shekara ashirin yana fita daga wurin nan, kuma kullum sai ya karya kan mota hagu saboda kwata. Ya karya. Tayar ta kauce wa laftof da faɗin tafin hannu, ta hau babban yatsan ƙafar Injiniya, ta ɗan tsaya a kai kamar mai tunani.

"In ƙara tahowa?" in ji Direba ta taga.

A kemis aka naɗe yatsan da bandeji har ya koma kamar kan kabeji. Aka dawo da shi shagon aski aka zaunar, laftof a kan cinyar da ba ta ƙone ba. Yana cikin bayanin cewa kuskuren na Direba ne, kuma gobe da sassafe zai gwada murhu, sai Mai aski ya leƙa waje.

"Yallaɓai, wace ce waccan ke sauka daga tasi da jakar da ba ta rufuwa?"

An gama kwas da wuri. Malama ce.

Injiniya bai san lokacin da ya miƙe ba. Tunaninsa ɗaya, ya riga ta hawa sama, ya mayar da na'ura kan tebur, ya lulluɓa tawul. Ya rungume ta ya kama matakala yana ɗingishi da tsalle. A ta bakwai bakin bandejin ya warware, lafiyayyar ƙafar ta taka shi, mai ciwon ta nemi tashi ta kasa. Ya tafi da baya, hannuwa suka buɗe suna neman abin kamawa. Laftof ta yi sama, ta daki ƙarfen bene, ta gangaro tana ƙirga matakala ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana biye da ita. Tare suka iso ƙasa, daidai gaban takalmin Malama.

Gilashin ya tsage daga kusurwa, murfin ya saki yana reto.

Malama ta dubi na'urar, ta dubi mijinta, ta dubi bandeji da ya yi shimfiɗa tun daga matakala ta bakwai. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi duka ciwo.

"Baban yara, tawul ɗin ma ka yar?"

Mai aski ya ba ta labarin kwana ukun a tsaye, har da kwaikwayon atishawa. Baba Tela ya bari ya gama, sannan ya gyara tabarau.

"'Yata, na ga uku na ganganci, kuma duka ukun ba su yi mata komai ba. Wannan na huɗun tsautsayi ne tsantsa, a gabana aka yi. Shi zan shaida ko a ina."

Malama ta ɗaga laftof ɗin da hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri. "To mu je yanzu. Kai kuma abu ɗaya za ka faɗa, ka zame ka faɗi. Gaskiya ce, ba ta buƙatar ado."

Direba ya ce shi zai kai su kyauta, don ba zai bari a ba shi labari ba. Suka cika mota, wasu matan benen suka biyo a tasi.

Kantin da aka sayi laftof ɗin babba ne, mai sanyi da fitilu, mutane sun yi layi a gaban teburin karɓar ƙorafi. Ma'aikaciyar wata budurwa ce mai fara'a. Ta duba takarda, ta duba lambar da ke gindin na'urar, ta ce garanti yana nan da ransa har gobe. Ta ce in tsautsayi ne za a ba da sabuwa yau, mai gyaransu kuma zai juye duk abin da ke cikin tsohuwar. Malama ta sauke ajiyar zuciya. Ma'aikaciya ta jawo fom ta dubi Injiniya, da bandejinsa da tafiyarsa, tausayi ya kama ta.

"Sannu Baba. A ba Baba kujera. Yaya aka yi?"

"Na zame," in ji Injiniya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ayya. Kada ka ji kunya, Baba, kullum muna samun irinku. Shekaru in sun ja, hannu yakan yi rawa, ƙafa ta daina jin magana." Tana rubutu tana karantawa a fili. "Ta kuɓuce daga hannun wani dattijo, saboda rashin ƙarfin riƙo."

Mai aski ya toshe baki da hula. Direba ya juya yana karanta farashin firji. A layi wata mata ta ce Allah sarki tsoho.

Injiniya ya nuna fom ɗin da yatsa. "'Yan mata, goge wannan."

"Wanne, Baba?"

"Dattijon, da rashin riƙon. Ni abu bai taɓa kuɓuce mini ba tunda aka haife ni. Ko cokali."

"Baban yara," in ji Malama.

"To ai faɗuwa ka yi, Baba, ba laifi ba ne."

"Wa ya ce miki faɗuwa na yi? Saukowa na yi. Da lissafi."

Malama ta taka masa ƙafa, ta yi rashin sa'a ta taka lafiyayyar. Injiniya ya miƙe tsaye, ya juya ya fuskanci layi, don bai taɓa ganin taron da ya kai wannan yana sauraronsa ba.

"Kwana uku ina tsara abin nan. Kun san nauyin na'urar? Kun san tsayin matakala bakwai? Bandejin nan da kuke gani, ni na sassauta shi da hannuna, na auna inda zan taka."

"Ƙarya yake yi," in ji Baba Tela. "'Yata, rubuta tsautsayi. Wallahi faɗuwa ya yi kamar buhun gawayi."

"Har da ihu," in ji Mai aski. "Ya kira innarsa."

"Ihun yana cikin tsari."

Hayaniya ta fito da manaja daga ofis, wani mai ƙaramin gemu da alƙalami a aljihu. Ya tsaya yana sauraro. Ya ce shekararsa goma sha biyu a wurin, ya saba ganin mai kaya yana rantsuwa tsautsayi ne ana ƙaryata shi, bai taɓa ganin shaidu suna rantsuwa tsautsayi ne mai kaya yana ƙaryata su ba.

"Malam, a natse. In tsautsayi ne ga sabuwa can a kwali. In da gangan ne, babu. Wanne zan rubuta?"

Malama ta zuba wa mijinta ido. Injiniya ya dubi kwalin, ya dubi matar da ta ce Allah sarki tsoho, ta kuwa sake girgiza masa kai cikin tausayi.

"Rubuta da gangan," ya ce. "Ka ƙara da cewa aikin gwani ne."

Ya karɓi alƙalamin manaja ya sa hannu, sa hannu mai jela har gefen takarda. Aka buga hatimi.

Mai gyaran kantin ne ya ji tausayin Malama. Ya karɓi na'urar ya danna, ta kawo haske ta bayan tsagar, tambayoyin jarrabawa suna nan ko ɗaya bai ɓata ba. Sai dai ya ce maƙalin murfin ya karye, kuma wayar hasken ta ji rauni, allon ba zai nuna komai ba sai an riƙe shi a wata karkata guda, kada ya yi gaba kada ya yi baya. Kayan gyaran sai an yi oda, mako uku.

"A jingina da littattafai mana," in ji Direba.

"Ba zai zauna ba. Sai dai hannu."

Malama ta juya ta dubi mijinta tun daga hula har bandeji.

"Akwai hannu," ta ce. "Wanda abu bai taɓa kuɓuce masa ba."

Ranar Asabar da hantsi ta sa aka sauko da tebur ƙofar bene, wai ɗaki ya yi zafi. Ta zauna tana buga tambayoyinta. Injiniya yana tsugune a bayan tebur, ƙafa mai bandeji a miƙe, hannu biyu a kan murfi. Duk wanda ya zo wucewa sai ya rage tafiya. In hannun ya ɗan sauka allon ya ɗauke, Malama ta ce "Sama," ba tare da ta ɗago kai ba.

Mai aski ya fito ya jingina da ƙofa. "Yallaɓai, an samu aiki ke nan."

"Kai kana ganin abin wasa ne," in ji Injiniya, gumi na bin gemunsa. "Karkatar nan ba kowa ke iya samo ta ba. A duk layin nan ni kaɗai ne."

"Sama," in ji Malama. "Saura tambaya arba'in."